Faifan Da Bai Cika Huɗu Ba

Mai Sikeli ya bar aikin gwamnati da imani guda ɗaya wanda ko ritaya ba ta taɓa shi ba: duk abin da aka rubuta a jikin kwali, dole a same shi a cikin kwalin. Tun yana saurayi aikinsa ke nan a ofishin duba awo, yawo kasuwa-kasuwa da akwatin duwatsun awo a hannu. Ya ɗora dutsen kilo a kan sikelin mahauci, ya ja da baya, ya zuba wa allura ido, bai ce uffan ba. Mahauta sun fi tsoron wannan shirun fiye da tarar da ke biyo bayansa. Sunan kuwa ya bi shi har gida. Surukansa ma Mai Sikeli suke ce masa, idan ya ba da baya.

Matarsa ce ta jawo maganar. Wayarta ta cika maƙil da bidiyon jikoki da saƙonnin murya na 'yan'uwanta mata, har ta kai ko hoto ɗaya ba ya shiga. Ya ce ta goge wasu. Ta dube shi kamar ya ce ta zubar da jikokin a kwata.

"Wanne zan goge, Malam? Wanda yaron ya fara tafiya, ko wanda ya faɗi?"

"Wanda ya faɗi guda nawa ne?"

"Kowace faɗuwa da irin tata."

Autarsu, wadda kowa ke kira Injiniya, ta raba gardamar ta waya. Ta ce a sayo faifan ajiya, irin wanda ake jonawa da kwamfuta da 'yar igiya, ita kuma in ta zo ranar Asabar za ta kwashe komai ta zuba a ciki. Sai Mai Sikeli ya ɗauki hularsa ya nufi layin masu kayan kwamfuta.

Shagon da ya shiga na wani matashi ne mai fara'a da ake kira Ba-Matsala, saboda da kalmar yake buɗe zance, da ita yake rufewa. Shagon ɗan tsukuku ne, wayoyin caji na reto daga rufi kamar igiyar shanya, fanka na juyawa a kan kanta tana kaɗa ledoji. Ba-Matsala ya sauko da wani kwali mai sheƙi ya ajiye.

"Terabait huɗu ne, Baba. Mama za ta zuba nata, jikokinta su zuba nasu, ba matsala."

"Huɗu cif?"

"Ga shi a rubuce."

A rubuce yake kuwa, da manyan baƙaƙe. Mai Sikeli bai san ko mene ne terabait ba, amma ya san huɗu.

A gida ya share tsohuwar kwamfutar da ke kan teburin falo, ya jona faifan kamar yadda aka kwatanta masa. Faifan ya yi ɗan gurnani, wata 'yar fitila ta kama. A kan allo wani akwati ya fito da rubutu a ƙarƙashinsa. Mai Sikeli ya matso da fuska. Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. Rubutun bai sauya ba: uku da ɗigo shida uku.

"Ya shiga?" in ji matarsa daga ƙofar kicin.

"Ya shiga."

"To alhamdulillahi."

"An taɓa shi."

Ta zo ta leƙa, hannunta da kumfar wanke-wanke. "Ina aka taɓa? Ni na ga ledarsa ma kai ka yage ta."

"Nan ne gwanintar take," in ji shi.

Ya ɗauko biro ya yi lissafi a bayan kwalin. Kashi tara cikin ɗari ne suka yi ɓatan dabo. A zamanin da yake aiki, mahaucin da ya rage kashi biyu ma sai ya kwana yana neman wanda zai roƙa masa. Matarsa ta ce uku da rabin ma ai ya ishe ta har ta koma ga Allah. Ya ce ba maganar isa ake yi ba. Ta ce ta sani, shekara nawa tana aurensa, sannan ta koma ga kwanukanta.

Washegari ya fito da tsohuwar kwat ɗinsa ta aiki, wadda ta ɗan matse shi a ciki, ya koma shagon. Ya tarar da mutum huɗu ko biyar suna jiran a sallame su. Bai ɗaga murya ba, don bai taɓa buƙatar hakan ba. Ya ajiye faifan a kan kanta, ya ce a jona. Aka jona. Ya juya allon yadda kowa zai gani, ya ja da baya, ya yi shiru.

Ba-Matsala ya karanta, ya sake karantawa. "Wataƙila wannan ɗin ne aka samu kuskure daga kamfani, Baba. Bari in canza maka, ba matsala."

Ya fasa sabon kwali. Uku da ɗigo shida uku. Ya fasa wani na wani kamfanin daban. Uku da ɗigo shida uku. Wata mata da ta zo sayen abin caji ta mayar da jakarta ƙarƙashin hammata. Wani dattijo ya ce shi dama ya daɗe yana zargin batirin da ya saya a nan. Gumi ya fara tsattsafo wa Ba-Matsala a goshi duk da fankar.

"Ɗaya kuskure ne," in ji Mai Sikeli. "Biyu sakaci. Uku kuwa sana'a ce."

"Wallahi Baba, yadda aka kawo mini haka nake sayarwa. Ko buɗewa ba na yi."

"Wa ke kawo maka?"

Ba-Matsala ya goge goshi. "Yayana. Shi ne dila. Uwa ɗaya uba ɗaya."

"To," in ji Mai Sikeli. Ya ɗauki faifansa a matsayin shaida, ya fita. Yana jin yadda shagon ya yi tsit a bayansa, kuma gaskiya ita ce ya ji daɗi. Rabon da wuri ya yi masa tsit haka tun ranar walimar sallamarsa daga aiki.

Ranar Asabar Injiniya ta zo da jakar kwamfutarta a kafaɗa. Ta gaishe su, ta ci abinci, sannan mahaifinta ya gabatar da ƙara tun daga farko, har da kwalin da lissafin bayansa. Ta saurara har ƙarshe. Ta cije leɓe. Ta dubi mahaifiyarta, mahaifiyar ta dubi silin.

"Baba, ba wanda ya taɓa shi. Huɗun na nan."

"Allon ya ce uku da ɗigo shida uku."

"Shi ma allon gaskiya ya faɗa."

"Auta, ni fa ba yau aka haife ni ba. Mutum biyu ba sa faɗin lamba biyu a kan kaya ɗaya su duka su zama masu gaskiya."

Ta jawo kujera kusa da shi. Ta ce masu ƙera faifan da dubu suke ƙirga. Bait shi ne ƙwayar awon; bait dubu, kilobait ɗaya. Kilobait dubu, megabait. Haka har giga, har tera, har peta. Ita kuwa kwamfuta abu biyu kawai ta sani, a kunne ko a kashe, don haka komai nata ninki ne: biyu, huɗu, takwas, sha shida. In ka ninka sau goma ba za ka sauka a kan dubu ba, sai dubu ɗaya da ashirin da huɗu. Wannan shi ne dubunta.

"Dubu dubu ne," in ji shi.

"Nata ya ɗara da ashirin da huɗu. Mudunta ya fi girma, shi ya sa in ta auna kaya ɗaya take samun mudu kaɗan. Hatsin bai ragu ba."

"Kuma duka biyun sunansu terabait?"

"A'a. Na kwamfutar sunansa na gaskiya tebibait. An raɗa masa suna tuntuni. Allon ne dai bai cika kiransa da shi ba."

Mai Sikeli ya jingina da kujera. Mudu biyu, suna ɗaya. A saninsa wannan ba bayani ba ne, shi ne laifin kansa. Ya tambaya wa ke kula da wannan awon, wa ke tsayawa ya tabbatar an faɗi wane mudu ake nufi kafin a ɗora kaya.

"A wurinmu ni ce," in ji ta. "Aikina ke nan, Baba."

Mai Sikeli ya mayar da ido kan kwalin. Shi likita ya so ta zama, ta ƙi, kuma tun daga lokacin duk wanda ya tambaye shi aikinta sai ya ce tana harkar kwamfuta, ya kawo wani zancen. Bai taɓa tambayarta me take yi daga safe zuwa yamma ba. Ita ma ba ta taɓa cusa masa ba.

"Ka zo ranar Litinin ka gani," in ji ta, tana naɗe wayar faifan.

"Zan duba in ina da sarari."

"Yana da shi," in ji matarsa.

Ranar Litinin ya sa kwat ɗinsa ya je wurin aikinta. Ginin ba shi da taga ko ɗaya a hawan ƙasa. Aka karɓi katin shaidarsa a ƙofa, aka rataya masa wani a wuya. Injiniya ta ba shi wata rigar sanyi mai nauyi da wasu 'yan robobi biyu na toshe kunne. Ya ce ba ya buƙata. Ta ɗora katinta a jikin bango, ƙofa ta buɗe, sanyi da ƙara suka fito tare suka tarye shi. Ya sa rigar. Ya sa robobin.

Ciki layi-layi ne na dogayen akwatunan ƙarfe baƙaƙe, kamar an jera kabad ɗin kaya na gari guda, kowanne da ɗaruruwan 'yan fitilu koraye suna ƙiftawa. Wayoyi shuɗɗa da rawaya sun bi ta sama a ɗaure tsaf, ba ɗaya da ta karkace. Ƙasa fes, ko ƙwayar ƙura babu. Ya duba sosai, don ya so ya samu. Ta jawo wani aljihun ƙarfe ta nuna masa faifai a jere kamar burodi a tire, ta yi magana a kusa da kunnensa. Ta ce nan asibitoci da makarantu da kamfanoni suke ajiye bayanansu. Ta ce abin da ɗakin nan ke ɗauka pebibait ashirin ne.

"Me?"

"Pebibait! Tebibait dubu ɗaya da ashirin da huɗu, shi ne ɗaya!"

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka faɗa wa farashin da ya saba ji.

A ofishinta, inda kunne ke iya hutawa, ta ba shi shayi ta zauna gaban alluna biyu. Bai gama kurɓar farko ba wani ma'aikaci mai gemu, wanda ya girme ta nesa ba kusa ba, ya shigo da sauri. Ya ce sababbin abokan cinikin nan sun matsa, wuri suke so na peta biyu kafin ƙarshen mako, a sa hannu kawai a wuce wurin.

Injiniya ta jawo takardar a kan allo. Ta karanta. Ba ta ce komai ba. Ta ci gaba da kallon allon, hannunta a kan cinya. Mai gemun ya sauya ƙafa. Ya gyara katin wuyansa. Ya yi gyaran murya.

"Wato... ban dai tambaye su ko wanne suke nufi ba," in ji shi da kansa.

"A tambaye su. Petabait ko pebibait, su faɗa da bakinsu. In kayansu pebibait biyu ne muka ba su petabait biyu, sai an kai tsakiyar kwashewa wuri ya ƙare, kuma mu za a kira."

Mutumin ya fita. Mai Sikeli ya ajiye kofin a hankali. Ya san wannan shirun. Bai taɓa ganinsa daga waje ba sai yau, kuma bai san lokacin da ta ɗauke shi daga gida ba. Ya so ya ce wani abu, sai ya ce shayin ya yi sukari da yawa.

Akwai farin allo a bango da alƙalamin rubutu a gindinsa. Ya miƙe ya ce ta bar shi ya gwada da hannunsa, don shi bai yarda da lissafin da bai bi ta yatsunsa ba. Ya ninka biyu sau goma, ya sauka a kan dubu ɗaya da ashirin da huɗu, ya tsaya yana hararar lambar. Sannan ya fara hawa matakala, tana faɗa masa sunaye yana rubutawa: kibi, mebi, gibi, tebi, pebi. Ya ce sunayen kamar na 'yan biyu da aka haifa sau da yawa. A kowane mataki ya fitar da giɓin da ke tsakanin mudun biyu. A kilo kashi biyu da ɗan ɗoriya ne, abin da mutum zai iya kau da kai. A tera ya kai tara, daidai abin da ya samu a bayan kwalinsa. A peta sha ɗaya.

"Ƙaruwa yake yi," in ji shi.

"Kowane hawa sai an sake ninka ashirin da huɗun nan."

"Sama da pebi akwai wani?"

"Eksbibait. Pebibait dubu ɗaya da ashirin da huɗu."

Ya juya ga allo. Ya ɗauki lokaci, ya yi kuskure a wuri ɗaya, ta nuna masa da baki, ya ce ya gani dama. Eksbibait ɗaya ya fito tebibait miliyan ɗaya da dubu arba'in da takwas da ɗari biyar da saba'in da shida. Ya raba da faifan matarsa, ya samu cewa sai an tara irinsa dubu ɗari biyu da tamanin da takwas da 'yan kai kafin a cika ɗaya.

"Kada ki faɗa wa uwarki," in ji shi. "Sai ta ce a sayo."

Ya rufe alƙalamin, ya tsaya yana duban abin da ya rubuta. Lissafin ya zauna daram, ba inda ya yi rawa. Huɗun na cikin faifan, ba a ci ko ƙwaya ba. Abin da ya fi damunsa ke nan. Ya saba in awo ya gaza akwai wanda za a nuna da yatsa, ga shi awo ya gaza kuma babu ɓarawo. Sai fuskar Ba-Matsala ta faɗo masa a rai, da gumin, da matar da ta matse jakarta.

"Auta, buɗe mini ƙofar nan. Akwai inda zan je."

Ya tarar da shagon a buɗe rabi. Kantar da faifai ke jere a kai ta zama fayau, sai shatin kwalaye a cikin ƙura. Ba-Matsala na zaune a kan kujerar roba, ya yi tagumi. Yana ganinsa ya miƙe.

"Baba, na gode maka. Ka buɗe mini ido. Ranar nan da ka tafi na kwashe su kaf na mayar masa, na zube a ƙofar sitonsa. Na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa masa ba tun da aka haife ni."

"Me ka ce masa?"

"Na ce masa macuci. A gaban yaransa na aiki." Ya sunkuyar da kai. "Yanzu maganar ta kai wurin tsohuwarmu. Ta daina cin abinci. Matarsa ta cire matata daga zauren dangi na waya."

Mai Sikeli ya taɓa rufe shaguna, ya taɓa ƙwace sikeli a gaban jama'a, amma bai taɓa raba wa da ƙane ba sai wannan karon. Ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar.

"Rufe shagon. Kai ni wurin yayan naka."

Siton na bayan tashar manyan motoci, dogon ɗaki mai rufin kwano, kwalaye har sama, warin sabuwar roba ko'ina. Kwalayen da aka mayar na nan a jibge gefen ƙofa, ba wanda ya taɓa su. Yayan, ƙaton mutum mai ƙaramar murya, yana zaune bayan tebur. Ya ga ƙanensa ya kau da kai. Ya ga kwat ɗin Mai Sikeli ya miƙe tsaye.

"Ranka ya daɗe, in daga hukuma ne, ni ma cutata aka yi. Bayan wannan mara kunyar ya tafi na jona guda shida da hannuna. Duka haka suke. Tun ranar nake kiran wanda ya shigo mini da su ina zaginsa, shi kuma ya ce zai zagi kamfani."

"Ka gwada ka ga haka, shi ne ba ka kira ni ba?" in ji Ba-Matsala.

"In kira ka in ce me? Ka riga ka raɗa mini suna."

Mai Sikeli ya ce ba daga hukuma yake ba, hukuma ta sallame shi tuntuni. Ya nemi alƙalami mai kauri da kwali marar komai. Aka kawo. Ya kifa kwalin a kan tebur ya fara: biyu, huɗu, takwas. 'Yan dako biyu suka ajiye kaya suka matso. Ya yi bayanin mudu biyu yadda 'yarsa ta yi masa, sai dai nasa ya fi tsawo, kuma ya hau har eksbibait ko da yake ba wanda ya tambaye shi. Da ya kai miliyan ɗaya da dubu arba'in da takwas ɗaya daga cikin 'yan dakon ya ce "Kai!" ya koma bakin aikinsa.

Yayan ya daɗe yana kallon kwalin. "Wato kayan lafiyarsu ƙalau."

"Ƙalau."

"Kamfani bai ci ba. Ni ban ci ba. Wannan bai ci ba."

"Ba wanda ya ci."

"To laifin wa ke nan?"

"Nawa," in ji Mai Sikeli. "Na ga lamba ban san mudunta ba, na yanke hukunci. Na tozarta ƙanenka a gaban masu sayayya, shi kuma ya kawo maka ragowar. Ku yafe mini. Gobe zan je shagon in tsaya in faɗa da bakina, duk wanda ya ji na farko ya ji na biyu."

Ya zaci nan maganar za ta mutu. Yayan ya ce shi Baba ba komai, babba ne, kuma kuskure ne. Amma wannan, ya nuna ƙanensa da haɓa, bai ce masa kayanka sun gaza ba. Cewa ya yi dama can halinka ne.

"To ƙarya na yi? Keken fa?"

"Wane keke?"

"Keken da babanmu ya saya mana mu biyu. Ka ce kwana ɗaya naka, kwana ɗaya nawa. Nawa kullum sai ya faɗo ranar da taya ta sace."

"Kai ke sace ta! Kai ke hawa kan ƙusa!"

Suka juyo gaba ɗaya suna duban Mai Sikeli, kamar shi zai raba. Ya ɗaga hannu biyu ya ce keke ba ya cikin abin da ya karanta. Ya ja wani kwali ya zauna. Suka yi ta yi, daga keke zuwa wata rigar makaranta, daga rigar zuwa wanda ya fasa madubin tsohuwarsu aka daki ɗayan. A kan madubin ne yayan ya fashe da dariya ba shiri, don ashe shi ya fasa. Ba-Matsala bai yi dariya ba, amma ya zauna a gefen teburin, ya ɗauki ruwan yayansa ya sha.

"Ku loda kayan nan a mota," yayan ya ce wa 'yan dako. Ya dubi ƙanensa. "Daga shago mu wuce wurin tsohuwa. Kai za ka fara shiga."

"Kai ne babba."

"Kai ka yi zagi."

Motar ƙaramar a-kori-kura ce mai rufi, kujerar gaba ta mutum biyu. Suka yi ta roƙon Mai Sikeli ya shiga gaba, ya ce su zauna tare, shi bayan ya ishe shi, su dai sauke shi a kwanar gidan mai. Ya zauna a tsakiyar kwalaye, gwiwoyinsa kusa da haɓa. Ta 'yar tagar da ke tsakani yana jin su suna musu a kan hanyar da ta fi sauri.

Ya laluba aljihu ya kira Injiniya.

"Baba, lafiya? Ka fita kamar an kore ka."

"Lafiya lau. Na ce, bayan eksbibait akwai wani abu?"

"Akwai zebibait. Bayansa yobibait."

"Akwai wanda ya taɓa cika shi?"

"Ni dai ban ji ba."

"To a bar shi tukuna." Motar ta faɗa rami ta fito. "Mutanen nan na peta biyu, sun amsa?"

"Sun amsa. Su ma ba su sani ba, sun ce za su tambayi nasu injiniyan."

"Kada ki sa hannu sai sun faɗa."

"To, Baba."

Ta tagar baya ya ga gidan man ya zo ya wuce, sannan kantin magani, sannan makarantar da ke bayansa. Ya ƙwanƙwasa gilashin tsakani. Ba wanda ya ji, don a lokacin an koma kan wanda ya fi iya tuƙi. Ya sake ƙwanƙwasawa, sannan ya haƙura ya gyara zama. Sai da suka tsaya a ƙofar shagon, Ba-Matsala ya zagayo ya buɗe baya don sauke kaya, ya gan shi zaune.

"Subhanallahi, Baba! Ba mu sauke ka ba?"

"Ba ku sauke ni ba," in ji Mai Sikeli. Ya miƙa masa kwalin da ke kan cinyarsa. "Karɓi wannan tukuna, ƙafata ta yi tsami."